Mataimakin Lissafi: Tarihin Gurbin da Ya Ɓace daga Allon Kwamfuta

A shekarar 1981, lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta farko ta amfanin mutum ɗaya, an bar wani gurbi babu kowa a kan babban allon da ke ɗauke da kayan cikinta. Gurbin na wata ƙaramar na'ura ce, Intel 8087, wadda ta fito a 1980. Ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato 8088, ta iya lissafin cikakkun lambobi, amma tana jan ƙafa a lissafin ɓangarori. Saboda haka injiniyoyi da akantoci masu amfani da AutoCAD ko Lotus 1-2-3 sukan sayi wannan mataimaki daban, da tsada, su dasa shi.

Matsala takan taso idan mutum ya sabunta allo. Mataimakin da ya biyo baya, 80287, ƙafafu 40 gare shi kamar 8087, amma kama da wane ba ta wane: 8087 yana sauraren umarni kai tsaye tare da ƙwaƙwalwa, shi kuwa 80287 sai ƙwaƙwalwa ta miƙa masa. Don haka ɗaya ba ya aiki a gurbin ɗaya. Da 386 ta fito a 1985, nata mataimakin bai kammala ba sai 1987, ya kuma zo da ƙafafu 68. A tsakanin nan wasu allunan farko na 386 suka ci gaba da karɓar tsohon 80287.

A 1989 Intel ta shigar da mataimakin cikin ƙwaƙwalwar 486DX. A 1991 ta fitar da 486SX mai rahusa, wadda ba ta wannan aiki, tare da 487SX a matsayin mataimakinta. A haƙiƙa 487SX cikakkiyar ƙwaƙwalwa ce, da zarar an dasa ta sai ta dakatar da ta farko ta karɓe aikin baki ɗaya. Daga zamanin Pentium, 1993, gurbin ya ɓace.

Sai dai harshen da na'urar ke ji bai mutu ba. Tsarin lissafin 8087, wanda masani William Kahan ya taimaka wajen tsarawa, shi ne tushen ƙa'idar IEEE 754 ta 1985. Umarnin da ake kira x87 kuwa yana nan har yau cikin ƙwaƙwalwar Intel da AMD, har da kwamfutocin da ake gyarawa a Kano.

Dalili a fili yake. Kamfani na iya sauya gurbi domin mai saye zai sake saye, amma ba zai iya jefar da umarnin da dubban manhajoji suka dogara da shi ba. Wanda ya mallaki 8087 ya yi asarar kuɗinsa cikin 'yan shekaru, alhali umarnin lissafin da aka rubuta dominsa har yanzu sabuwar ƙwaƙwalwa tana fahimtarsa.