Daga Komuna 13 zuwa Birnin Ƙonni

A birnin Medelin na ƙasar Kolombiya akwai wani kartiye a gefen tsauni, Komuna 13. A watan Oktoba 2002, zamanin shugaba Uribe, soja suka afka masa da jirage masu saukar ungulu, wai farautar ƴan tawaye. Mutane da dama sun ɓace, har yau uwaye na neman gawar ɗiyansu a wani juji da ke saman unguwar.

A 2011 aka kafa musu matakala mai tafiya da lantarki, mita 384. Samarin unguwar sun cika bangaye da zane, suna zagayawa da baƙi a ƙafa, ana biyan su, suna faɗin abin da ya faru lungu-lungu. Wasu baƙin kam hoto kawai ke kawo su.

Ni abin ya tuna mini da 1899, lokacin da Voulet da Chanoine suka ƙone Birnin Ƙonni, suka karkashe jama'a. A lakwal na karanta shi, da Faransanci, layi kaɗan. In baƙo ya sauka tashar Ƙonni yau, wa zai zagaya da shi ya nuna masa inda ganuwa ta bi?