Zumuncin da Kuza Ta Haifa a Bukuru

Bukuru gari ne da kuza ta tara wa jama'a. Tun kafin zuwan Turawa, maƙera a Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka ta, fatake su kai kasuwanni. Wannan haja ce ta sa kamfanin Niger ya turo masu bincike a farkon shekarun 1900, suka bi sawunta har tsaunukan Filato. Zuwa 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso, a 1927 babban layi ya ɓullo ta Kafanchan. Sai Kanawa da Zage-zagi da Katsinawa da Barebari da mutanen Bauchi suka yi ta kwararowa ƙasar Birom. Wasu cin rani ya kawo su, wasu neman kuɗin haraji, da yawansu kuma ba su sake komawa gida ba.

A cikin waɗannan baƙi aka haifi ƙungiyar zumuntar da na gada daga iyayena. Ba ta fara da suna ko takarda ba. Ranar biyan kuɗi, leburori 'yan gari ɗaya sukan tara kwabo-kwabo a hannun dattijon da aka yarda da amanarsa. Abu uku aka ɗora wa kuɗin: likkafanin wanda ya rasu, jinyar wanda ya kwanta, da kuɗin jirgin wanda ƙarfinsa ya ƙare yana son ya mutu a gaban danginsa. Wanda ya san aikin ba zai yi mamakin wannan tsari ba. Mutum ya wuni da kwanon ƙasa a ka, ko tsaye cikin ruwa yana wankin kuza a hunturun Filato, ga gaɓar rami da kan rufta ba sallama. Kamfani yana biyan ranar da aka yi aiki ne kawai. Ranar da aka kwanta, sai Allah, sai 'yan'uwa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya ƙungiyar. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar talakawa daga lardunan Arewa, ta hannun sarakuna da hakimai, ana kawo su aikin tilas. Sun zo ba bargo, abinci ya yi ƙaranci, sanyi da cuta suka kashe da dama. Dattawanmu sun ce a lokacin ne aka daina tambayar garin mamaci kafin a buɗe asusu. Wanda duk ya faɗi a bariki, a yi masa sutura, a nemi mai zuwa garinsu ya kai labari. A ganina ranar da aka yanke wannan shawara ce ainihin ranar kafuwarmu, domin a nan taron 'yan gari ɗaya ya zama 'yan'uwantaka.

Shekarun 1950 sun zo da yalwa. Yaƙin Koriya ya sa Amurka ta yi ta sayen kolumbait, ma'adinin da ake samu tare da kuza, kuɗi suka shiga hannun mutane. Ƙungiya ta sami shugaba da magatakarda da ma'aji, aka buɗe littafin sunaye da ajami. A zamanin ne kuma ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ƙarfi a filin kuza, siyasar NEPU da NPC ta shiga kowane zaure. Dattawa suka kafa doka: kowa ya yi jam'iyyarsa, ya yi yajin aikinsa, amma idan an zauna taron asusu, maganar marayu da marasa lafiya kaɗai za a yi. Wannan doka ta tsare mu daga tarwatsewa.

Daga nan kuza ta fara ja da baya. Ta saman ƙasa ta ƙare, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, dokar 1972 ta mayar da hannun jari ga 'yan ƙasa ta sa Turawa suka fara tattara komatsai, sannan a 1985 farashi ya rushe a kasuwar Landan. Aka bar mana kududdufai. Iyayenmu suka koma ɗinki da tuƙi da fataucin dankalin Turawa, wasu suka kama noman rani da ruwan kududdufan. Asusu ya koma ba da rancen jari da biyan kuɗin makarantar marayu.

Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun yi mana rauni fiye da faɗuwar farashi. Unguwanni suka rabu, wasu iyalai suka yi ƙaura. Tsoffin abokan aikin iyayenmu, Birom da sauransu, waɗanda a da ba a ta'aziyya ko suna ba tare da su ba, zuwa gidajen juna ya zama abin shakka. Wannan gibi yana ci mini rai har yau.

Haƙar kuza ba ta mutu ba. Samari suna nan suna shiga loto, ramuka masu zurfi da ake saukar da mutum da igiya, ba kamfani, ba diyya. Idan rami ya rufta, uwa da matar aure ne ke bin gida-gida neman kuɗin asibiti. Halin da kakanninmu suka kafa asusu dominsa ke nan. Saboda haka nake roƙon shugabanninmu su je bakin ramukan nan da littafin sunaye, su rubuta yaran, ko daga wace unguwa suka fito, su karɓi ɗan abin da za su iya bayarwa, kafin wani rami ya sake ruftawa.