Tarihi: Yadda Kasuwar Maƙera Ta Watse a Wasan Star Wars Galaxies

Tarihinmu na yau na wata kasuwa ce da ta ci ta watse a cikin kwamfuta.

A watan Yunin 2003 kamfanin Sony Online Entertainment na Amurka ya fito da Star Wars Galaxies, wasan da dubban mutane ke yi tare ta intanet. Kusan duk abin da ɗan wasa zai mallaka, bindiga ko sulke ko gida, wani ɗan wasan ne ya ƙera shi. Ma'adinai kan ɓulla su ɓace, ingancinsu kuma ba ɗaya ba. Maƙerin da ya tara masu kyau sai sunansa ya zaga, a riƙa tattaki zuwa shagonsa. Kaya kuma suna tsufa su lalace, dole a dawo a sake saye.

A Nuwamban 2005 kamfanin ya sauya tsarin. Sana'o'i sama da 30 aka mayar 9, aka haɗe masu ƙira ƙarƙashin guda ɗaya. Kaya suka daina lalacewa, ganimar yaƙi ta maye gurbin abubuwa da yawa da ake saye. Ciniki ya ja baya, maƙera da dama suka bar wasan, garuruwan da 'yan wasa suka gina suka zama kufai. An rufe wasan ranar 15 ga Disamba, 2011.

Mu da muke wuni a kasuwa mun san buƙatar juna ce ke riƙe ta. Duk ranar da mai saye ya daina buƙatar mai ƙira, rumfa ta tashi ke nan.