Ƙwayoyin bitamin da “tsatsar jiki”: me suke yi, me ba sa yi

Iskar oksijin da muke shaƙa ita ce ke ƙona abinci a cikin ƙwayoyin halittar jikinmu har mu samu ƙarfi. Kamar kowace wuta, wannan ma tana fidda tartsatsi: wasu ƙananan sinadarai marasa natsuwa da ke afka wa duk abin da suka tarar, walau kitsen da ya lulluɓe ƙwayar halitta, ko furotin, ko ma ƙwayoyin gado. Idan tartsatsin ya fi ƙarfin kariyar da jiki ya tanada, to an shiga halin da masanin Jamus Helmut Sies ya bayyana a 1985. Mu a nan muna ce masa tsatsar jiki. Wanda ya fasa goro ya bar shi a iska ya ga ya yi duhu, ko ya ga ƙusa ta yi tsatsa bayan damina, ya ga irin aikin oksijin ɗin da idonsa.

Hayaƙin taba, hayaƙin itace a madafa marar taga, giya, maganin ƙwarin gona da ciwon suga duk suna ƙara shi. Ana kuma ganin hannunsa a tsufa, ciwon zuciya da wasu cututtukan daji.

Sai dai jiki ba ya zaune hannu biyu. Yana ƙera nasa sinadaran da ke kashe tartsatsin, irin su katalas da gulutatayon, wasu daga cikinsu kuma ba sa aiki sai da ɗan zinki, tagulla ko seleniyom daga abinci. Bitamin C da E da sinadaran launi na ganye da ƴaƴan itace suna taimaka masa. Wani abin da masu talla ba sa faɗa: jiki na buƙatar ɗan tartsatsin nan. Da shi fararen ƙwayoyin jini ke kashe ƙwayoyin cuta.

To ga kwalaben da ƴan'uwa ke aikowa daga Faransa ko Amurka, da waɗanda ake sayarwa jikka da yawa a kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Yamai, an rubuta “antioksidan” a jiki. Tunanin mai sauƙi ne: tunda masu cin ganye da ƴaƴan itace sun fi lafiya, a matse sinadarin a ƙwaya a sha da yawa. An gwada, kuma sakamakon ya ba likitoci mamaki. A Finlan an bi maza masu shan taba fiye da 29,000. A 1994 aka bayyana cewa waɗanda aka ba beta-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin 100. A Amurka an tsayar da wani gwaji irinsa a 1996 tun bai ƙare ba, don ƙarin ya kai kashi 28. A 2011 kuma, gwajin maza fiye da 35,000 ya nuna bitamin E mai yawa ya ƙara dajin mafitsarar maza, wato furostat, da kashi 17. Karas ɗin kansa bai cutar da kowa ba. Yawan da ke cikin ƙwayar ne ya wuce abin da jiki ya saba gani a tukunya.

Ƙarfen ƙarin jini ma haka yake: idan ya yi yawa shi kansa yana hura tartsatsin. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu a wancan lokacin, binciken da aka wallafa a 2006 ya nuna ba wa yara duka ƙarfe ba tare da zaɓe ba ya ƙara yawan waɗanda aka kwantar asibiti. Shi ya sa ake haɗa shi da rigakafi da maganin zazzaɓin.

Kar wani ya ɗauka muna cewa a guji duk ƙwaya. Inda akwai rashi na gaske, tana ceton rai. Bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara ƴan wata 6 zuwa 59, zinki da ake ba yaro mai zawo kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da suga, da ƙwayar ƙarin jini ta mata masu ciki a wurin awo, duk a karɓa a sha yadda aka ce. Waɗannan cike giɓi suke yi, da awo.

Ga mai lafiya kuwa, abin da kwalbar ke alkawari yana nan kusa: zogale, yakuwa, garin ƴaƴan kuka, gwaba, mangwaro, tumatir, kabewa, gyaɗa da riɗi. A lura dai, bitamin C ba ya jure doguwar tafasa da shanya a rana, don haka ɗanyen tumatir da albasa a kwaɗon zogale sun fi wanda ya kwana a wuta.

In kwalba ta riga ta iso gida, a kai ta wurin lokotoro ko farmasi a karanta abin da ke ciki kafin a fara sha. Mai shan taba ya guji mai beta-karotin. Mai ciki kar ta sha mai bitamin A da yawa, don yana taruwa a hanta kuma yana iya nakasa jariri. Mai shan maganin tsinka jini ya yi hattara da bitamin E, mai ciwon ƙoda kuma da bitamin C mai yawa, wanda kan haifar da tsakuwa. Ta ƙarfe kuwa a ɗora ta inda hannun yara ba ya kaiwa, don ƙwayoyi kaɗan na iya halaka ƙaramin yaro.