Gilbert da Sullivan da Ɓarayin Wasa a Amurka

A zamanin Sarauniya Biktoriya, babu wasan da ya cika gidajen kallo na Landan kamar wasan kwaikwayon barkwanci da ake rerawa da waƙa. Gwanayensa su ne W. S. Gilbert, mai rubuta labari da baitoci, da Arthur Sullivan, mai ɗora musu kiɗa. Tsakanin 1871 da 1896 sun yi wasanni 14 tare, kuma kusan dukkansu Richard D'Oyly Carte ne ya ɗauki nauyin kai su dandali.

A watan Mayu 1878 suka fito da H.M.S. Pinafore, wasan da ke zolayar manyan rundunar ruwa ta Ingila. Sau 571 aka nuna shi a jere. Kafin su farga, kamfanoni barkatai a Amurka sun ɗauke shi suna nunawa, wasu suna ƙara nasu, wasu suna ragewa, ko sisin kwabo bai shiga aljihun masu shi ba. A lokacin dokar Amurka ba ta kare haƙƙin mallakar baƙo. Duk marubucin da ya taɓa tsintar littafinsa a kasuwa da bugun da bai sani ba, ya san ɗacin wannan.

Sai suka yi dabara. Suka tsallaka teku da kansu, suka buɗe sabon wasansu a New York ranar 31 ga Disamba 1879. Sunansa The Pirates of Penzance, wato 'yan fashin teku, suna kuwa ya dace da halin da suke ciki. Don kada haƙƙinsu na gida ya salwanta, ana gobe buɗewa aka yi wani nuni na jeka-na-yi-ka a ƙaramin garin Paignton na Ingila. 'Yan wasan da ke yawo da Pinafore ne suka hau dandali da kayan wancan wasa a jikinsu, suka ɗaura ƙyallaye a ka don su yi kama da 'yan fashi, wasu riƙe da takardu suna karantawa. Sun kuma jinkirta buga kiɗan a takarda, don kada ɓarawo ya samu abin kwafa.

A 1885, da The Mikado ya karɓu, Carte ya ji wani ɗan kasuwar wasa a New York na shirin riga shi. Ya kwashi 'yan wasansa a asirce, suka shiga jirgin ruwa da sunayen ƙarya, suka buɗe nasu a watan Agusta. Ya ci kasuwa, amma da ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba.

Sai a 1891 Amurka ta yi dokar da ta soma kare marubutan waje. Ta makara. Tun 1890 Gilbert ya ɓata da Carte kan kuɗin kafet ɗin gidan wasa na Savoy, Sullivan ya goyi bayan Carte, maganar ta kai kotu. Bayan an sasanta, wasanni 2 kawai suka ƙara yi tare.