Yadda Bututun Man Chadi Ya Haifar da Gandun Daji Biyu a Kamaru

Tsarin biyan diyyar daji daga Amurka da Jamus ya taso. Dokar ruwa ta Amurka ta 1972 ta hana cike fadama sai da izini, daga baya hukumomi suka ƙara sharaɗi: wanda ya ɓata fadama ya farfaɗo da wata a madadinta. Jamus ta sa makamancin haka a dokarta ta 1976. Bankin Duniya na cikin waɗanda suka kawo tsarin Afirka, ta hanyar sharuɗɗan bashi.

A watan Yunin 2000 bankin ya amince ya sa kuɗi a bututun mai kilomita 1,070, daga rijiyoyin Doba a kudancin Chadi zuwa Kribi a bakin tekun Kamaru. ExxonMobil ne jagora, tare da Petronas da Chevron. Bututun zai ratsa kurmi, kuma ba a isa a mayar da kurmin da aka sare yadda yake ba. Sai aka ce a tsare wani dajin a wani wuri. A shekarar ta 2000 Kamaru ta ayyana gandun daji biyu: Mbam da Djerem, kudu da Tibati, inda kurmi ke haɗuwa da filayen ciyawa na Adamawa, da Campo Ma'an kusa da iyakar Ikwatoriyal Gini, mazaunin giwaye da gwaggon biri. Kamfanonin suka zuba dala miliyan 3.5 a gidauniyar FEDEC, don ribar kuɗin ta riƙa ɗaukar nauyin gandayen da kuma tallafa wa Bagyeli, mafarautan kurmin.

A ganina nan aka yi sakaci. Ribar wannan kuɗi ba ta kai ta tsare ɗaruruwan dubban hekta shekara da shekaru ba. Bagyeli kuwa, da daji ne rumbunsu, sun wayi gari an taƙaita musu farauta a ƙasar kakanninsu. Wani ya yi ɓarna, wani ya biya.

Man ya fara gudana a 2003. Bayan haka aka gina madatsar Memve'ele a gefen Campo Ma'an, aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a Kribi, gonakin kwakwar manja da na roba suka yi ta matsowa har bakin gandun da aka ware a matsayin diyya.