TARIHIN KALMOMIN INGILISHI DA ARON DA SUKA YI DAGA WASU HARSUNA



Abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne wata gardama da ba ta ƙarewa tsakaninmu masu nazarin Hausa. A kullum aka zauna taron ƙirƙiro kalmomi, sai wani ya miƙe ya ce aro ya yi wa Hausa yawa, har ma yana tsoron kada ta narke, wani kuma ya ce ai Ingilishi ma da aro ya ƙasaita. Dukansu biyu sukan kafa hujja da Ingilishi, amma ba safai akan tsaya a dubi yadda abin ya faru a can ba. To, shi nake so mu duba yau, tun daga tushe.

Tsibirin da muke kira Biritaniya ba shi ne mahaifar Ingilishi ba. Kafin zuwansa mutanen wurin harsunan Keltik suke yi, irin wanda ya saura a bakin mutanen Wales, kuma Rumawa sun mulke su kusan shekara 400, suka janye wajen shekarar 410. Bayan tafiyar Rumawa ne wasu ƙabilu uku, Angul da Sakson da Jut, suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmak. Malamin tarihi Bede ya sa zuwansu a wajen 449. Daga sunan Angul aka sami Ingila da Ingilishi. Abin mamaki, ba su ari wani abin kirki daga waɗanda suka tarar ba, in ban da sunayen wurare da koguna. Kogin Avon, alal misali, ma'anar sunansa a harshen mutanen farko ita ce kogi kawai. Wannan ya nuna mana tun da wuri cewa zama tare kaɗai ba ya kawo aro. Sai harshen da ake gani da daraja, ko wanda ya zo da wani abin da babu, shi ake ara daga gare shi.

Latin kuwa yana da duka biyun. Tun suna Jamus kakannin Ingilishi sun karɓi kalmomin ciniki daga Rumawa, irin su wine da cheese da street da mile. Sa'an nan a 597 Augustine ya sauka a Kent da wa'azin Kiristanci, sai kalmomin addini da karatu suka biyo baya: bishop, monk, altar, candle, school. Duk wanda ya san yadda littafi da alƙalami da salla suka shigo Hausa daga Larabci ba zai sha wuyar gane wannan ba. Amma a wancan zamani Ingilishi ya fi son ya ƙera kalma da kayan gida. Maimakon su ɗauki kalmar Girkanci ta bushara, sai suka haɗa nasu guda biyu, mai kyau da labari, suka sami abin da ya zama gospel. Ku riƙe wannan, domin za mu ga yadda halin nan ya raunana daga baya.

A 793 mayaƙan teku daga Denmak da Nowe, waɗanda ake kira Baikin, suka washe gidan ibada na Lindisfarne. Da fari hari suke kawowa su koma, daga baya suka zo da niyyar zama. Sarki Alfred ya ci su da yaƙi a Edington a 878, aka yi sulhu, aka bar musu arewa da gabashin ƙasar. Har gobe garuruwan da sunansu ya ƙare da by, kamar Derby da Grimsby da Whitby, shaida ne na inda suka zauna. A ganina wannan shi ne aro mafi ban sha'awa a duk tarihin, domin ba na fada ba ne, ba kuma na malamai ba. Harsunan biyu 'yan ɗaki ɗaya ne, mutanen kuwa sun yi auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Saboda haka kalmomin da suka shigo na yau da kullum ne: sky, skin, leg, egg, knife, take, law, husband. Kalmar window asalinta idon iska ne a bakin Baikin. Wani lokaci tsohuwar kalma da baƙuwa sukan zauna tare, su raba aiki: shirt ta gida ce, skirt baƙuwa, alhali asalinsu ɗaya. Kai, har wakilan suna aka ara, they da them da their. Masana harshe sun san cewa wakilin suna ba abu ne da ake ara da sauƙi ba. Ku dubi Hausa: duk yawan abin da ta karɓa daga Larabci, ba ta taɓa ajiye su ɗinta ta ɗauki hum ba.

Kada a ɗauka cewa irin wannan musanya cikin dare ɗaya take ƙarewa. William Caxton, wanda ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila a 1476, ya ba da labari a 1490 na wani ɗan kasuwa da ya nemi ƙwai wurin wata mata a bakin kogin Thames. Ya yi amfani da kalmar arewa, egges, matar ta ce ita ba ta jin Faransanci. Sai da wani ya faɗi kalmar kudu, eyren, sa'an nan ta gane. Shekara 600 ke nan bayan zaman Baikin, kalmomin biyu suna ta kokawa.

Yanzu sai babbar shekara, 1066. A cikinta William, mai mulkin Normandi, ya ci Sarki Harold a Hastings, ya raba ƙasar ga mutanensa. Su Nomawan nan, watau mutanen Normandi, jikokin Baikin ne da suka zauna a arewacin Faransa tun 911 suka koma yin Faransanci. Daga nan har kusan shekara 300, Faransanci ne harshen fada da shari'a, Latin na coci da ilimi, Ingilishi kuwa ya zama harshen manoma da barori. An kiyasta kalmomin Faransanci kamar 10,000 ne suka shiga Ingilishi a wannan zamani, kuma kashi uku cikin huɗu suna nan da rai. Ka ambaci duk abin da ya shafi iko, za ka tarar da su: government, parliament, court, judge, justice, prison, tax, army.

Akwai misalin da kowane malami yake son bayarwa, wanda marubuci Walter Scott ya yayata cikin littafinsa Ivanhoe a 1819. Dabba tana raye sunanta na Ingilishi ne, cow, calf, sheep, swine. In ta hau tebur sai ta zama beef, veal, mutton, pork, duk na Faransanci. Watau talaka ke kiwo, basarake ke ci. Misalin yana da daɗi, amma a yi hattara da shi, domin rabon bai tabbata haka sarai ba sai ƙarnuka daga baya. An daɗe ana kiran dabba mai rai da sunan Faransancin. Lokacin da nake karatu a can, na taɓa ce wa mahauci ya yanko mini sheep. Ya dube ni kamar na ce ya kawo mini tunkiyar da ƙafafunta.

Wani abin lura kuma shi ne, yawancin aron bai zo a lokacin da Nomawa suke ganiyar ƙarfinsu ba. Sai bayan 1204, da Sarki John ya rasa Normandi, manyan ƙasa suka fara komawa Ingilishi, suka shigo da kalmomin da suka saba da su. A 1362 aka yi dokar cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi, ita kanta dokar kuwa da Faransanci aka rubuta ta. Har ila yau an yi aro sau biyu daga karin harshe biyu, na Normandi da na Paris, shi ya sa ake da warden da guardian, da catch da chase. Ingilishin da mawaƙi Chaucer ya rubuta kafin rasuwarsa a 1400, da Sarki Alfred zai dawo duniya, da ƙyar zai tsinci wani abu a ciki.

Daga wajen 1500 zuwa 1650 sai malamai suka buɗe wata ƙofa. Sun ga Ingilishi ba shi da kalmomin likitanci da falsafa da lissafi, suka riƙa ɗebowa kai tsaye daga littattafan Latin da Girkanci. A nan fa aka yi gardama irin tamu sak. Masu suka suka laƙaba wa sababbin kalmomin sunan inkhorn, watau kalmomin kurtun tawada, waɗanda ba a jin su a bakin kowa sai a alƙalamin mai son nuna ilimi. Thomas Wilson ya yi musu ba'a a 1553. Sir John Cheke, babban malamin Girkanci a Cambridge, ya dage a kan a rubuta Ingilishi tsantsa. Da ya fassara Linjilar Matiyu, sai ya sa hundreder a madadin centurion. Ba wanda ya bi shi. Kalmomin suka yi yawa har Robert Cawdrey ya buga ƙamus na farko na Ingilishi zalla a 1604, mai kalmomi kamar 2,500, don ya bayyana wa 'yan ƙasa ma'anar kalmomin harshensu. A ƙarni na 19 William Barnes ya sake gwadawa, ya ba da shawarar wortlore a madadin botany. Shi ma bai ci nasara ba. Faransa ta kafa majalisar kula da harshe a 1635; Jonathan Swift ya nemi a yi irinta a Ingila a 1712, ba a yi ba, kuma ba a taɓa yi ba.

Abin da wannan ya haifar shi ne harshe mai hawa uku. Ana iya cewa ask, ko question, ko interrogate. Kingly, ko royal, ko regal. Ta farko ta gida ce, ta biyu ta fada, ta uku ta malamai. Marubuta sukan yi alfahari da wannan wadata, kuma da gaskiyarsu. Amma masu kafa hujja da Ingilishi ba su cika faɗin kuɗin da aka biya ba. An kiyasta kashi 85 cikin 100 na kalmomin tsohon Ingilishi sun mutu. Bugu da ƙari, kalmomin ilimi sun zama ba sa bayyana kansu. Yaron Jamus in ya ji sunan da harshensa ya ba likitan ido, ya san ido da likita ne aka haɗa. Yaron Ingila kuwa sai an koya masa ophthalmologist kamar baƙon harshe. Mu da muke da jirgin sama da gidan waya da ma'aunin zafi, ya kamata mu san abin da ke hannunmu.

Larabci ma ya ba da nasa, ko da yake galibi ta hannun wasu, watau Latin da Sifaniyanci da Italiyanci da Faransanci. Kalmar algebra daga sunan littafin Alkhawarizmi take, algorithm kuwa sunansa ne shi kansa. Akwai cotton da magazine da admiral da tariff. Alcohol asalinta kwallin da ake sa wa ido. Zero da cipher duka daga kalmar da ta ba mu sifiri suke, sugar da sukari uwarsu ɗaya, haka coffee da gahawa. Kamar Hausa, Ingilishi ma yakan haɗiye al ɗin Larabci tare da kalmar. Sai dai kada ɗalibi ya ga alkali a littafin kimiyya ya zaci na kotu ne. Wannan daga kalmar toka take.

Da ciniki da mulkin mallaka suka faɗaɗa, sai aron ya game duniya. Kamfanin Gabashin Indiya, wanda aka kafa a 1600, shi ya buɗe hanyar bungalow da shampoo da jungle da loot da pyjamas, da kuma khaki, wadda ta iso mana ta zama kaki. Daga Amurka, ta bakin Sifaniyawa, aka sami potato da canoe da hurricane, da tomato ta mutanen Meziko, kakar tumatirinmu. Ganyen shayi yana da labari mai kyau: 'yan Holan sun ɗauko kalmar te daga gaɓar kudancin Sin ta jirgin ruwa, ta zama tea, wata siffar kalmar, cha, ta bi ta tudu ta Farisa da ƙasashen Larabawa har ta zo mana. Saboda haka mai shayi da ya rubuta tea a allon shagonsa, kalma ɗaya ce ta same shi ta hanya biyu. Afirka rabonta kaɗan ne a da: banana, yam, okra, chimpanzee, da safari ta Suwahili, wadda tushenta ɗaya da safara.

To, nawa ne aka ara ke nan? A 1973 masana biyu, Finkenstaedt da Wolff, sun ƙidaya kalmomi kamar 80,000 na wani ƙamusun Oxford. Suka sami kashi 28 cikin 100 daga Faransanci, kashi 28 daga Latin, kashi 5 daga Girkanci, kashi 25 kacal daga dangin harsunan Jamus. In da ƙamus ake aunawa, Ingilishi baƙo ne a gidansa. Amma in aka ɗauki kalmomi 100 da aka fi furtawa, kusan dukansu na Angul da Sakson ne ko na Baikin, haka kuma ginin jimla. Wanda ya tsaya a kan ƙamus zai ce harshen ya narke, wanda ya saurari hirar kasuwa zai ce ba abin da ya taɓa shi, kuma kowannensu rabin magana ya gani.

Babban ƙamusun Oxford, wanda aka fara fitarwa a 1884 aka kammala a 1928, bai rufe ƙofa ba. A watan Janairu na 2020 ya karɓi kalmomi 29 na Ingilishin Nijeriya, cikinsu da okada da danfo da buka da Kannywood. A ƙarshen 2024 aka ƙara wasu, har da suya. Wannan kalma tamu ce, amma ku dubi abin da ya same ta a hanya. A Hausa suya aikin soyawa ne, naman da ake gasawa a tsinke kuwa tsire muke ce masa. A bakin 'yan kudu ne suya ta zama sunan naman, kuma da wannan ma'ana ta shiga ƙamusun Ingilishi.